Tabarmin Inna Direktris

Daga Allah muke, wurinsa za mu koma, Inna dai ta riga mu. Ranar Talata ce da hantsi, ina rubuta darasi a allo, wayata ta yi ƙara cikin jaka. Maƙwabciyarta ce ta unguwar Harobanda, can ƙetaren kogi, wata tsohuwa Bazabarma da ba ta jin Hausa sai ta cefane. Ta ce, "Madam, fonda tilas." Gaisuwar mutuwa ke nan a bakin Zabarmawa, kuma na daɗe a Yamai har na san ba a faɗinta a banza. Na ajiye alli, na ce wa yara su kwafe abin da ke allo, na fita.

A gindin dogon yaron da malamai ke shan iska lokacin rekare, hutun cin abinci, na faɗi labarin. Wasu malamai mata biyu, sababbin zuwa, suka ce Allah ya ji ƙanta, sannan na ji ɗaya ta raɗa wa ɗaya, "Wace ce?" Ban ga laifinsu ba, lokacin da Inna ta ajiye shugabancin lakwal ɗin, wato makarantarmu, su ko kwalej ba su gama ba. Direktan yanzu ya shafa fatiha a tsaye, ya duba agogo, ya ce in nemi wanda zai riƙe mini yara kafin in tafi. Mai fari masa ta bakin ƙofar lakwal, wadda ta tsufa a wannan wurin, ita sauke kasko ta yi daga wuta, ga ƙullu rabin roba, ta ce yau ta gama suya. Ba ta yi kuka ba. Zama ta yi tana goge hannu da bakin zane, tana ta gogewa.

Mushen aji shida, haka muke kiran malami namiji, shi kaɗai ya rage cikin mazan da suka yi aiki a ƙarƙashinta, ya cire tabarau ya matso kusa da ni. Can ya ce, "To, Madam, wa za mu je mu yi wa gaisuwa?"

Wannan tambayar ce Inna ta yi shekaru tana kwana da ita tana tashi da ita. Allah bai ba ta haihuwa ba. Ta yi aure biyu, duka suka mutu tun tana da sauran ƙuruciya. Iyayenta sun daɗe a ƙasa, ƙanenta guda ɗaya ya rasu a Kwatano ya bar ɗa namiji, wanda can aka haife shi, can ya girma. Shi ke nan danginta.

Ɗan ƙanen nata mutumin kirki ne, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Da ya ji ciwo ya yi tsanani ya bar aikinsa ya zo, a hannunsa ta cika. Bayan maza sun dawo daga maƙabarta ya kira ni gefe a tsakar gida. Da Faransanci muka yi magana, don ba ya jin Zabarmanci, Hausar ma sai a hankali.

Ya ce, "Madam, gobe da safe zan rufe gida in kama mota. Ban san kowa a garin nan ba, kowa bai san ni ba. In na zauna, wa zai zo? In an zo ma, me zan ce?"

Na ce, "Ba a rufe gidan mamaci ranar da aka kai shi. Ni zan zauna."

Ya dube ni, ba da raini ba, ya ce, "Ki gafarce ni, ke mece ce tata?"

Ni ba ɗiyarta ba, ba ƙanwa ba, ba ma yarenmu ɗaya ba. Sai na ji kaina ina cewa, "A ƙarƙashinta na yi aiki." Ni kaina na ji maganar ba ta da nauyi. Ya ce zai jira har sadakar uku, bayan nan mabuɗi yana hannunsa. Na shiga ɗakinta na janyo tabarmi daga bayan gado. Na san inda suke. Tabarmin kaba ne, tsofaffi, an ɗaure su da igiya, kuma don a san abin da ya sa na ƙi yarda a rufe gidan nan, sai na ba da labarinsu.

Ina yarinya aka turo ni Yamai daga Damagaram, aka ba ni aji a wata lakwal ta Banifandu. Mijina direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanyar Lome bisa ga gida. Muna da ɗaki a gidan haya inda kowa Zabarmanci yake yi, in na fito tsakar gida in ce sannu, a ce fofo, magana ta ƙare. Ina da tsohon ciki aka aiko mini cewa uwata ta rasu, har an rufe ta. Ba halin hawa mota wannan doguwar hanya, mijina kuma ba ya nan. Na rufe ƙofa na zauna a ƙasa. Ko hawaye ban yi ba, don kuka ma yana son wanda zai ce maka yi haƙuri.

Washegari da hantsi sai ga direktris, shugabar lakwal ɗinmu, ta banko ƙofa, faɗa na bakinta tun daga waje. "Ke 'yar Damagaram, lakwal gidan ubanki ne da za ki zo ran da kika ga dama?"

Na ce, "Uwata ta rasu."

Ta tsaya. Ta dubi ɗakin, ta leƙa tsakar gida, ta ce, "Ina masu gaisuwa?"

Na ce, "Ba ni da kowa a nan."

Ta ce, "Uhum," ta juya ta fita. Ko Allah ya ji ƙanta ba ta ce ba. Wallahi a raina na zage ta tas, na ce wannan wace irin mace ce marar imani.

Kafin azahar na ji taksi ya tsaya a ƙofar gida. Ita ce, tabarmi sun leƙo ta bayan mota, ga malamai mata, ga mai fari masa da kwanonta. Ta sa aka share tsakar gidan mutane ba tare da ta nemi izinin kowa ba, aka shimfiɗa, ta kamo hannuna ta zaunar da ni, ta zauna a damana. Malamai suka durƙusa a gabana za su fara gaisuwa, ta ɗaga musu hannu.

Ta ce, "Ba gaisuwa kuka zo yi ba. Ku zagayo ku zauna nan. Ku ne dangi. Masu gaisuwa suna tafe."

Ashe ta sallami 'yan ajina, ta ce kowa ya je ya gaya wa uwarsa an yi wa Madam rasuwa. Da la'asar takalma sun taru a ƙofar gida. Mata da ban taɓa gani ba suna shigowa, su durƙusa, su ce fonda tilas, Inna ta amsa a madadina, ta zungure ni da gwiwar hannu in ce amin. Matan gidan hayar da ba mu wuce fofo da su ba, su ma suka fito da ruwan sanyi. A nan ne kuka ya zo mini, na kifa kai a cinyarta na yi mai isata. Daga ranar ban sake ce mata Madam Direktris ba sai a gaban baƙi. Inna nake ce mata, ita kuma ta ce ɗiyata, in kuwa na ɓata mata rai in koma 'yar Damagaram.

Kada wanda bai san ta ba ya ɗauka mace ce mai sanyi. Harshenta kaifi gare shi. Tana murɗe kunnen yaro har ya yi ɗage, kuma ban taɓa jin ta ce wa mahaluƙi yi haƙuri na yi kuskure ba. In ta san ta cuce ka, sai ka ga kwanon kopto a kan teburinka, zogale da ƙuli da yaji, ba saƙo ba bayani. Bazabarma ce, Hausarta ta kasuwar Lazare ce, ta ce wa namiji ke, ta ce wa mace kai, in ka gyara mata ta ce ai ka gane. Ba zan kwaikwaye ta a nan ba, don ba ta nan balle ta rama.

Kullum ita ke fara zuwa, ta tsaya a bakin ƙofa da tabarau rataye a wuya. Kowane yaro sai ta gaishe shi da harshen gidansu, ɗan Fulani da Fillanci, ɗan Buzaye da kalmomi biyun da ta iya, sannan ta tambayi wani a gidan: ya ƙafar kakarka, uwarka ta sauka? Tana da doka guda da ba ta cikin littafin kowa. A lakwal ɗinta ba a cin abinci a tsaye, kuma ba a ci mutum ɗaya. In an fita rekare sai a zauna ƙungiya-ƙungiya, kowa ya zube abin da ya zo da shi a tsakiya. Na taɓa ce mata wannan ai zalunci ne ga wanda uwarsa ta wahala ta dafa. Ta ce, "In hannu ya yi yawa a kwano, wa zai gane hannun da bai kawo komai ba? Je ki ajinki."

Tabarmin nan kuwa a ofishinta suke zama, bayan kabad. Ba kowace rasuwa take fito da su ba. In gida mai dangi ne, ta je ta yi gaisuwa kamar kowa ta dawo. Baƙi take fito wa da su, waɗanda aiki ko yunwa ta kawo Yamai, ba su da wanda zai zauna kusa da su.

Akwai wata yarinya a ajina, ubanta ɗan ga-ruwa ne daga wajen Tawa, yana tura kurar ruwa gida-gida. A kango suke zaune, irin ginin da mai shi ya fara ya bari, ya sa talaka ya zauna yana yi masa gadi, ba ƙofa ba taga sai buhu. Yara ba sa kiran sunanta, ɗiyar ga-ruwa suke ce mata, kuma benci guda ita kaɗai take zama a kai a can baya. Na yi faɗa, na yi duka, in na juya baya su sake matsawa. Wata safiya ba ta zo ba, aka ce uban ya faɗi a bakin pampo, kafin a kai shi likita rai ya yi halinsa.

Inna ta shigo ajina ba sallama, ta ce a rufe littattafai. Ta ɗora wa manyan yara tabarmi a ka, muka jera a titi har kangon. Mun tarar da uwar da yarinyar zaune a kan bulo, su biyu rak. Maƙwabta sun san an yi mutuwa, amma ba wanda ya ɗauki kango a matsayin gidan da ake shiga gaisuwa. Inna ta sa 'yan mata suka zauna kewaye da yarinyar, maza a waje tare da mushe, ta faɗa musu abin da ta faɗa wa malamai a gidana. Takalman yara kaɗai sun cika bakin kangon, masu wucewa suka fara tsayawa suna shigowa.

Can sai ga wata mota mai sanyi. Wani babban ma'aikaci ne, ɗiyarsa tana ajina, ya je ɗaukarta aka ce tana nan. Ya fito ransa a ɓace, ya tsaya daga waje yana cewa shi lakwal ya kai ɗiyarsa, ba kango ba. Inna ko tashi ba ta yi ba.

Ta ce, "Alhaji, ga ɗiyarka can, an yi musu rasuwa a ajinsu. Shigo ka yi mata gaisuwa, sai ka tafi da ita."

Mutane suna kallo. Ya rasa yadda zai yi, ya cire takalmi ya shigo ya durƙusa a gaban matar ga-ruwa da ɗiyarsa ta cikinsa, ya yi addu'a, suka ce amin tare. Ya ja yarinyarsa suka tafi. Bai yafe ba, ya kai ƙara, aka kira Inna can sama aka yi mata wankin babban bargo. Da ta dawo na tambaye ta yadda aka yi. Ta ce, "Sun ce lakwal ba gidan makoki ba ne. Na ce na ji." Abin da ta canza kawai, sai an tashi daga aji take fito da tabarmi. Ba zan ce yaran nan sun zama aminai da yarinyar ba, yara ne. Amma da ta dawo, bencinta ya samu mutane, kuma ta gama lakwal ɗinmu ba ta sake cin abinci tana kallon bango ba.

Ranar da Inna ta ajiye aiki, wanda ya gaje ta ya ce a fitar masa da tarkacen bayan kabad. Ta naɗe abinta ta sa a taksi ta haye gada zuwa gidanta na Harobanda. Shekarar farko ana zuwa gaishe ta, ta biyu aka rage, daga nan sai ni da mai fari masa, ita ma ƙafa ta hana ta. Yaran da ta raina sun watse, wasu Agadas, wasu Kwatano, wasu suna cikin Yamai amma Harobanda ta yi musu nisa kamar wata ƙasa. Maƙwabciyarta ta gaya mini cewa kullum da safe sai ta fito da kujera ƙofar gida, tabarau a wuya, tana gaida 'yan wata lakwal da ke wucewa. Ba su san ta ba. Wasu su amsa, wasu su yi dariya su ruga.

A lokacin ni ma gidana ya zama kango. Mijina ya rasu a hanya, ɗana guda ya tafi Aljeriya neman aiki, sai murya a waya in ya tuna. Shekarar da kogi ya cika ya shigo unguwarsu ya kayar mata da bangon madafa, na je na ce ta tattara ta dawo wurina Banifandu. Ɗaki biyu ne, ga pampo, ga likita kusa.

Ta ce, "In bar gidan ubana in je in mutu a gidan haya?"

Na ce, "Inna, ba mutuwa na kira ki ki yi ba, zama na ce."

Ta ce, "Ke dai kaɗaici ya dame ki, kike so ki ɗauke ni ki ajiye a ɗaki kamar kujera. Koma Damagaram mana in kin gaji."

Maganar ta soke ni, don ta san ba ni da kowa a Damagaram yanzu. Na ɗauki jakata na fita, damina guda ban taka gidanta ba, ita ma ba ta kira ba. Har gobe ina ganin ni ce da gaskiya, da ta bi ni da ba ta yi kwana da kwanaki tana ciwo ba wanda ya sani ba. Sai wata rana na shiga aji na ga kwanon kopto a kan tebur, wai wani mai taksi ne ya kawo. Ran Lahadi na haye gada. Ba ta ce komai a kan faɗan ba, ni ma ban tayar ba.

A wannan zuwan ne, muna zaune tana tsince shinkafa, ta ce, "Ɗiyata, ni ba mutuwa nake tsoro ba. Abin da nake tsoro, a zo gaisuwa a leƙo, a ga ba wanda za a gaida, a juya." Na ce ta daina irin wannan magana. Ta ce, "Na dai gaya miki," ta ci gaba da tsintarta.

Shi ya sa na shimfiɗa tabarmin nan duka a tsakar gidanta, ko da yake guda ɗaya ta ishe mu, ni da tsohuwar maƙwabciya. A waje ɗan ƙanenta da mushen aji shida suka zauna a inuwar zana, mutum biyu da ba su da abin ce wa juna. Ranar farko mutanen unguwa sun shigo, suka rasa wa za su fuskanta, suka gaida tsohuwa da Zabarmanci, suka ɗan dube ni, suka fita. Kafin magariba an gama.

Na aika saƙon murya ga duk tsohon ɗalibin da nake da lambarsa, na ce a yaɗa. Wayata kuwa ta cika. Addu'o'i dogaye, hotunan fuska mai hawaye, wani har da waƙen yabo ya rubuta mata. Haba jama'a. Matar da ta ɗauko tabarma ta taka rana saboda ku, ita za ku yi wa gaisuwa da babban yatsa? Na kashe wayar na jefa a jaka.

Rana ta biyu ita ce ranar da ba zan manta ba. Mushe yana da aji, bai samu zuwa ba. Tsohuwa ta yi ta gyangyaɗi, can ta ce in naɗe sauran tabarmin kada kaji su ɓata. Na ƙi. Na zauna ina jan carbi, ina jin motsin kowane babur a titi, ina cewa ga su nan, sai ƙarar ta wuce. Wata kaza ta hau tabarmar ƙarshe ta yi ta yawonta, na rasa ƙarfin korarta. Wajen la'asar wata mata ta leƙo ta ce, "Nan ne gidan rasuwa?" Na ce nan ne, bismilla. Ta dubi tsakar gidan, ta dube mu mu biyu, ta yi addu'a daga bakin ƙofa ko takalmi ba ta cire ba, ta juya. Abin da Inna ta ji tsoro ke nan, ya faru a gabana, ina zaune ban iya hana shi ba. Na ji kunya, na ji haushi, kuma na ji tsoro, don a tsakar gidan nan kaina na gani.

Ranar uku da safe liman da mutanen masallaci suka yi addu'a a waje, aka raba masa, suka watse. Jakar ɗan ƙanenta tana bakin ƙofa. Na durƙusa na fara naɗe tabarma ta farko, sai na ji sallama. Wata mata ce da goyo, zare duk ya manne a zanenta, da gani daga kan keken ɗinki ta taso. Na koma wurina na gyara lulluɓi don in karɓi gaisuwa. Ta cire takalmi, amma ba ta durƙusa a gabana ba. Zagayowa ta yi ta bayana, ta tsaya a damana.

Ta ce, "Madam, matsa kaɗan."

Na ɗaga kai na dube ta da kyau. Idon bai canza ba.

Ta ce, "Ni ce, ɗiyar ga-ruwa. Sai jiya labari ya iso mini kasuwa. Ba gaisuwa na zo yi ba." Ta zauna, ta sauke goyonta ta ɗora a cinya.

Ashe kafin ta taho sai da ta rufe shago ta bi rumfunan Lazare tana tayar da duk wanda ta san ya yi lakwal ɗinmu. Suka riƙa shigowa ɗaya-ɗaya, wata mai sayar da kifi, wata da farar rigar likita ba ta ko canza ba, wasu ban gane su ba sam. Ba wadda ta durƙusa a gabana. Kowace ta cire takalmi, ta zagayo ta zauna. A waje na ji muryoyin maza, na leƙa na ga wasu samari sun sa ɗan ƙanenta a tsakiya. Ɗiyar babban ma'aikacin nan ba ta zo ba, an ce tana Turai. Kada in yi ƙarya, ba su cika tabarmin ba, biyu sun rage babu kowa. Amma takalma sun taru a ƙofa, kuma takalma ne ke gaya wa mai wucewa cewa gidan nan akwai masu rashi. Mutanen unguwa da suka zo suka fita ranar farko, suka sake dawowa.

Wata dattijuwa ta shigo da sanda, ta tsaya tana kallonmu. Da Hausarta ta kasuwa ta ce, "An ce mini ba ta da ɗiya. Wa zan gaida?"

Ɗiyar ga-ruwa ta ce, "Fara daga nan, Kaka, ki bi layi."

Sai da ta bi mu ɗaya bayan ɗaya, kowace ta ce amin. Da ta iso kaina na kasa, sai na ji an zungure ni da gwiwar hannu.

Bayan la'asar ɗan ƙanenta ya rufe gida, kamar yadda ya ce. Kafin ya sa kwaɗo ya ce in shiga in ɗauki duk abin da nake so. Na ce tabarmi kawai. Shi da kansa ya ɗaure su ya kai mini bakin titi, ya sunkuyar da kai ya koma. Jama'a suka watse, kowa da abin da ke jiransa. Na waiga na ga kujerarta ta ƙofar gida, an manta ba a shigar da ita ba.

Taksi ɗaya muka shiga da ɗiyar ga-ruwa, tabarmi a kan cinyoyinmu don bayan motar ya cika. Muna kan gada ta ce, "Madam, ina ɗanki?"

Na ce, "Yana Aljeriya."

"Damagaram fa, kina zuwa?"

Na ce, "Wurin wa?"

Muka iso Lazare. Da mota ta tsaya ta gyara goyonta, sannan ta kwance igiyar, ta zare tabarma guda ta saƙala a hammata.

Ta ce, "Wannan ni zan ajiye. Ranar taki, kada a tsaya neman tabarma."

Ta rufe ƙofa ta shige kasuwa, ina hangen bakin tabarmar a cikin mutane har ya ɓace. Na ƙarasa Banifandu ni kaɗai, na buɗe ɗaki, na tura sauran a bayan gado. Ɗakin shiru kamar kullum, amma na ɗora tukunya na ci abinci, abin da ban yi ba tun ranar Talata.

Allah ya gafarta wa Inna kaifin harshenta, ya karɓi rana da ta taka saboda 'ya'yan mutane. Inda ta tafi, Allah ya sa ta tarar an shimfiɗa mata, kuma akwai wanda zai ce mata matsa kaɗan.